A Ƙarƙashin Mai Guduma

Tun a mota Yaya ya fara yi mata karatu, har suka iso gidan gonar bai kai aya ba. Auta dai tana jinsa. 'Ya'yanta sun tasa, furfura ta fara leƙo mata a goshi, amma a wurin yayanta har gobe ita Auta ce, wadda sai an nuna mata komai. Gonar lemon da mahaifinsu ya bari tasu ce su biyu, ciyawar da ke tsakanin itatuwa kuma ta fi ƙarfin masu adda. Shi ya sa suka zo duba wani tsohon injin yankan ciyawa, irin wanda ake ɗaura wa tarakta a baya, wanda dattijon da ke da wannan gidan gona ya sa a kasuwa.

"Na taho da ke ne don kada gobe ki ce na kwaso mana ruɓaɓɓe," in ji Yaya.

"Ko da idona na gani, sai na faɗa."

Dattijon ya tarbe su a farfajiya. Akwai rumfar kwano da buhunan taki a ciki, da wata mutacciyar garma a jikin bango, da famfo mai ɗiga wanda ya jiƙa rabin filin. Ya tayar da tarakta, ya ɗaga injin har ya kai cinyar mutum, sannan ya kashe, ya jefa mabuɗin a aljihu.

"Sandar da ke juya shi tana wurin maƙwabcina. Ya ara, ya mayar da ita tasa. Ku duba a tsanake, bari in karɓo ku ji kukansa."

"A dawo lafiya, Baba."

Ya hau babur ya fita. Wurin ya yi tsit, sai kaji.

Auta ta ɗora jakarta a kan murfin injin, igiyar jakar tana lilo a gefe. Ta ce, "Fentinsa dai da kyau."

"Kin ji ki! Fenti ne zai yanka miki ciyawa?" Ya durƙusa, ya ja ta ta durƙusa. "Leƙa nan. Kin ga wannan doguwar gangar ƙarfen a kwance? Kin ga ƙananan gudumomin da ke rataye a jikinta? Su ne aikin. In gangar ta juya sai su miƙe, su daddatse ciyawa a cikin murfi. Ba ya cilla dutse kamar mai faffaɗar wuƙa, shi ya sa ya dace da gonar da mutane ke kai da komo."

Ya bi injin da hannu kamar mai duba bijimi a kara. Ya buɗe gefe ya lanƙwasa bel, ko zai ga tsaga. Ya kwance wani noti ya taɓo man giya ya shinshina, ya ce da ruwa ya shiga da ya yi fari. Ya ƙwanƙwasa murfin, ya nuna mata wata walda, ya ce aikin mai hankali ne. A can baya kuma akwai rola, wani ƙaton bututun ƙarfe wanda injin ke hawa a kai idan an sauke shi.

"Saura ciki. Guduma ɗaya in ta ɓata, gangar za ta riƙa rawa har ta cinye boris, wato ƙwallayen ƙarfen da take juyawa a kansu. Sai na taɓa su da hannuna."

Ya kwanta rigingine, ya zura kai da ƙirji ta ƙarƙashin rolar.

"Yaya, ba za ka tokare shi da wani abu ba?"

"Leƙawa kawai zan yi, Auta. Matsoraciya."

Abin da Auta ba ta sani ba a lokacin, Yaya kuma ya sani amma ya raina, shi ne ba ƙarfe ke riƙe da injin a sama ba. Mai ne, wanda tarakta ta matse a cikinta. Idan tarakta ta tsufa, man yakan sulale a hankali ya koma inda ya fito, abin da ke rataye kuma ya bi shi ƙasa.

Daga ƙarƙashi muryar Yaya tana ta fitowa. Gudumomi sun cika, sun ci daidai da juna, ramukan noti ba su yi faɗi ba. Sai ya ce, "Af. Injin ya taɓa naɗe wayar shinge, ga ta nan cunkus a bakin boris. Bari in ji ko ta yi ɓarna."

Ta ji gangar ta juya, gudumomi suka yi ƙararrawa. Sai Yaya ya ja tsaki.

"Me ya faru?"

"Ba komai. Wayar ce ta shaƙe mini wuyan hannu. Mai ƙaya ce."

Auta ta miƙe za ta ɗauko masa hankici a jaka. A nan ta tsaya. Igiyar jakar da ta bari tana lilo, yanzu ta kwanta a ƙasa. Ta kalli murfin. Ɗazu bai kai ta sunkuya haka ba. Ta kasa kunne, sai ta ji wani ɗan sauti daga cikin taraktar, ƙit, shiru, ƙit.



"Yaya, fito."

"Ina zuwa."

"Yaya, don Allah fito! Sauka yake!"

Ta sake durƙusawa. Ɗazu tana hango hasken rana tsakanin rolar da ƙirjinsa, yanzu maɓallin rigarsa ya kusa taɓa ƙarfe. Ta ga ya fizgi hannu, ta ji ya yi ƙara, jini ya gangaro ta gwiwar hannunsa.

"Ba ta saki ba," ya ce, muryarsa ta canza. "In na ja, ƙara shiga take."

Ta kama gefen injin da hannu biyu ta ɗaga iya ƙarfinta. Kamar ta ce za ta ɗaga ɗaki. Ta ƙwala kiran Baba, ta ƙwala kiran jama'a, kaji kawai suka watse. Sai ta tuna ta ga dattijon ya ja wani ƙarfe a gefen kujera lokacin da ya ɗaga injin. Ta ruga, ta taka matakalar tarakta.

Yaya ya ga ƙafafunta sun bar ƙasa.

"Auta! Kar ki taɓa liba! Kar ki taɓa!"

Hannunta yana kan ƙarfen.

"Tarakta a kashe take. In kin motsa shi, gaba ɗaya zai faɗo. Sauko. Sauko a hankali."

Ta janye hannun kamar ta taɓa wuta. Ta sauko a hankali.

"Ji nan, ƙanwata. Je mota. Akwai jak a bayan kujera, da sandarsa. Akwai filaya a jakar kayan aiki. Jak tukuna."

Bai taɓa ce mata ƙanwata ba sai ranar da aka binne mahaifinsu. Ta ruga. Takalmi ɗaya ya fita, ba ta waiwaya ba. Kujerar motar ta ƙi turuwa, ta dake ta da kafaɗa har ta bi. Ta rungumo jak a ƙirji, ta cusa filaya a ƙugu, ta dawo tana salati a bayyane.

Rolar ta riga ta zauna a ƙirjinsa.

"Ba a murfi ba," ya ce, kalma ɗaya ɗaya. "Ƙarfe mai kauri. Na gefe."

Ta tura jak ɗin ƙarƙashin ƙarfen, ta zura sanda, ta fara bugawa. Kan jak ɗin ya tashi, ya taɓa ƙarfe. Ta ci gaba. Injin bai motsa ba. Ta leƙa, sai ta ga gindin jak ɗin ne ke nutsewa a laka, ruwan famfon nan ya bi ta ƙasa ya lausasa wurin.

"Yaya, nutsewa yake! Me zan yi?"

Bai amsa ba.

"Yaya!"

Idanunsa a buɗe suke, suna kallonta, amma bakinsa buɗewa kawai yake yana rufewa. Ba iskar magana. Wannan shirun ya fi komai razana ta. Ta dubi farfajiyar kamar ba ta taɓa ganinta ba: buhu, bokiti, igiya, garma. A gindin garmar akwai wani faifan ƙarfe da ya cire, ya yi tsatsa. Ta jawo shi, gefensa ya yanke ta a tafin hannu, ba ta ji ba. Ta murɗe ɗan notin jak ɗin yadda ta sha ganin direbobi suna yi, ya sauka, ta tumɓuke shi daga laka. A wannan ɗan lokacin ta ji ƙit, ta kuma ji wani abu ya fito daga maƙogwaron Yaya wanda ba magana ba ne.

Ta shimfiɗa faifan, ta ɗora jak, ta ɗaure notin, ta buga. Ta buga. Faifan ya danna laka ya tsaya. Ƙarfe ya yi kuka. Gefen injin ya ɗan ɗaga, ya karkace, ɗaya gefen yana gurnani. Ta ci gaba da bugawa har sanda ta ƙi zuwa.

Sai ta ji ya ja numfashi, dogo, mai ƙara kamar zuƙar tsohon famfo.

"Ya isa," ya ce da ƙyar. "Miƙo filaya."

Ta miƙa masa. Ya ɗaga hannunsa na hagu, filayar ta suɓuce ta faɗi kusa da kunnensa. Ya sake gwadawa, ta sake faɗuwa.

Auta ta kalli jak ɗin. Ɗan ƙaramin abu, a karkace, a kan faifai mai santsi. Ta kalli duhun da ke ƙarƙashin injin.

"Kar ki shigo," in ji Yaya. "Kina da yara."

"Kai kuma ba ka da su? Rufe mini baki."

Ta yar da mayafi, ta kwanta a laka, ta shiga ta gefensa. Warin tsohon giris da ruɓaɓɓiyar ciyawa ya cika mata hanci. Gudumomin suna rataye dab da fuskarta, ɗaya ta taɓa mata goshi, sanyi ƙalau. Ta lalubi hannunsa, ta sami wayar. Filayar ta ƙi cin ta. Ta kama da hannu biyu ta matse har haƙoranta suka yi ƙara. Taf. Saura zagaye ɗaya, wanda ya shige fata.

"Zai yi zafi."

"Yanka kawai."

Sama da su wani abu ya yi ƙit. Ta runtse ido ta matse.

Ba ta san yadda suka fito ba. Ta dai tsinci kanta tana jan sa ta wuyan riga, har sai da bayanta ya bugi buhunan taki. Suka zauna a nan, kowa yana haki, ba wanda ya kalli wani.

A haka babur ya shigo. Dattijon ya sauko da sandar a kafaɗa, yana murmushi.

"To, yaya kuka ga kaya? Ai na gaya..." Sai ya ga jini, ya ga jak. Sandar ta faɗi. "Innalillahi! A ƙarƙashi ka shiga? Ɗana, ai taraktar ba ta riƙewa! Na manta ban faɗa ba, wallahi na manta!"

"Baba, sauke shi ƙasa," in ji Auta. "Yanzu."

Nan da nan ya tayar da tarakta, ya ɗaga, ya zo ya zare jak, ya koma ya sauke. Rolar ta zauna a kan shatin bayan Yaya da ke kwance a laka. Auta ta kalli wurin. Ko tafin hannu ba zai shiga ba.

Yaya ya dafe haƙarƙari ya yi tari. "Injin ba shi da laifi, Baba. Boris ɗaya ne ban gama..."

"Ba ni mabuɗin mota," in ji Auta.

"Auta, tsaya mana a tayar da shi mu ji."

"Asibiti za mu. Ba ni."

Ya dube ta. Laka har kunne, ƙafa ɗaya ba takalmi, filayar har yanzu a damƙe a hannunta. Ya sa hannun hagu a aljihu, ya miƙa mata mabuɗin. Ita da dattijon suka kama shi, suka ɗaga shi a hankali.