Sunan Uwar Usta Abdurradi

Usta Abdurradi direban ƙaramar bas ne a Asyut ta ƙasar Masar, inda ake kiran direba Usta, yana jigila tsakanin gari da ƙauyukan gindin dutse. Ba ya son dogon zance. 'Yarsa Rihab ta yi karatu har ta wuce inda zai iya bayani, shi ya sa in an tambaye shi a tasha sai ya ce, "Likitar kai ce," ya ci gaba da kurɓar shayinsa.

Bincike take yi a jami'a, kan yadda abin da ke taɓa zuciyar mutum yake sace masa hankali daga aikin da ke gabansa. Za a kifa wa mutum hula mai wayoyi, a zaunar da shi gaban allo. Kibiya na fitowa, shi kuma yana danna dama ko hagu da iyakar saurinsa. A kunnensa murya na ta kiran sunayen mata tana maimaitawa, ɗaya a ciki na mahaifiyarsa ne. Na'ura na kallon abin da ƙwaƙwalwa ke yi idan wannan sunan ya faɗo, da yadda hannu ke yin nauyi.

Ɗalibai ta same su da yawa. Dattawa ne suka gagara. Ta yi ta roƙon uban har ya ce zai kawo mata 'yan tasha.

Da ya kai maganar gindin mai shayi, Usta Halaf, abokin hamayyarsa a kan layi, ya ajiye kofi.

"Sunan uwata? Abdurradi, rana ce ta buge ka?"

"Wa ya ce ka faɗa? Ka jefa musu kowane suna. Ƙarfe ne fa, ina ya san uwarka?"

"To me zan samu?"

"Za a gane wanda hannunsa ya fi sauri. Na san dai ba kai ba ne, ga shi birki ma sai ka yi shawara da kwandasta."

Aka kwashe da dariya. Wannan gorin ne ya kai su. Ɗaya bayan ɗaya suka je, kowa ya ba da sunan ƙarya, suka dawo suna cika baki. Abdurradi bai ga laifinsa ba. A wajensu namiji ba ya faɗin sunan uwarsa a gaban mutane. Shi kansa haƙorinsa na gaba a kan haka ya gutsure, ranar da wani yaro ya tsinci sunan ya bi shi da shi har bakin rijiya, suka kaure da dambe.

Rihab kuwa ta riƙa dawowa gida da murna. Ta ce ta gano abin mamaki: samari na jin sunan uwa sai ƙwaƙwalwarsu ta zabura, amma dattawa shiru kake ji, kamar an kira sunan baƙuwa. Ta fara rubuta cewa shekaru na koya wa mutum riƙe hankalinsa. Har an ce ita za ta je Alƙahira ta gabatar a taron masana. Uban ya ji wani abu ya ɗan soke shi, ya danne da lomar wake.

Shi ne na ƙarshe. Ya je da hantsi cikin jallabiyarsa ta Juma'a. Shugabar Rihab, Dakta Afaf, mace ce gajera mai kaifin baki, 'yar Iskandariyya. Ita ce ke tambayar sunan a ɗaki rufe, don kada kowa ya ji nauyi.

"Sannu da zuwa, Usta. Sunan Hajiya?"

Ya dubi silin. "Su'ad."

"Tana raye?"

"Ta rasu tun kafin a haifi yarinyar nan."

"Allah ya ji ƙanta."

"Amin," in ji shi, bai san wa aka yi wa addu'ar ba.

Rihab ta zo ta shafa masa wani abu mai sanyi a ka, ta daidaita hular. "Baba, kar ka motsa gira. Kuma kar ka zagi allon, ana jin ka."

Aka fara. Kibiya dama, ya danna. Hagu, ya danna. Muryar na cewa Zakiyya, Su'ad, Fahima, ko a jikinsa. A ransa yana cewa yau Halaf zai san da wa yake yi.

Sai muryar ta ce, "Nabawiyya."

Yatsansa ya tsaya a sama. Rihab ce ta tsinto sunayen matan da, don su dace da zamanin dattawa, tana canza wa kowa nasa. Ba ta san abin da ta tsinto ba. Rabonsa da jin sunan nan a bakin wani tun yana saurayi. Ya ga tanderun ƙasa a bayan gida, ya ga ƙullun burodi jere a rana yana kumbura, ya ga hannun uwarsa da gashinsa ya ƙone tana juya shi. Kafin ya dawo, kibiya ta wuce. Ya cije, ya ce ba za a sake ba. Sunan ya sake zagayowa, aka sake. Duk zuwan da zai yi sai hannun ya yi masa gardama.

Da aka gama, aka ba shi tawul ya goge kai, aka ce ya zauna ya sha shayi. Matan biyu suka duƙufa a kan kwamfuta. Can Dakta Afaf ta cire tabarau.

"Rihab, zo ki faɗa mini mene ne wannan."

"Na'am, Dakta."

"Ga sunan uwa, a kwance kamar tabarma. Ga sunan cike gurbi, ya yi tsalle har zai fasa allo. Ko dai Usta yana da wata Nabawiyya a ɓoye a ƙarshen layinsa," ta waiwayo ta harare shi da wasa, "ko kuwa kin haɗa alamomin a karkace."

"Wallahi na duba, Dakta."

"Kin duba. To in nasa ya karkace, me ya hana na sauran? Watakila shi ya sa dattawanki duk suka fito kamar gawa. Wata nawa kina gina magana a kan kuskuren hannunki, ni kuma na sa sunana a ƙasa." Wasan ya bar muryarta. "Ba za ki je Alƙahira ba. Aikin ma zan miƙa wa wani ya bincika daga tushe."

Rihab ta sunkuyar da kai, kunnuwanta suka yi ja. Abin da ya fi ci wa Abdurradi rai shi ne yadda ta juya masa baya, don kada ya ga ana yi mata faɗa. Ita ke jin kunyarsa.

Kofin shayin na hannunsa. Ƙofa na kusa. Zai iya cewa fasinja na jira. Ya ma ɗan ɗaga daga kujera, ya koma.

"Dakta."

"Ka yi haƙuri, Usta, maganar aiki ce."

"Yarinyar ba ta yi kuskure ba."

"Kowane uba haka yake cewa."

"Ba Su'ad ba ne."

Suka juyo su biyun. Ya ji gumi na bin bayan wuyansa, yana haɗuwa da sauran abin da aka shafa masa.

"To wane ne?"

"Wanda ƙarfen ya faɗa."

"Usta, ƙarfe ba ya faɗin komai. Ni da bakinka nake so in ji."

Ya motsa leɓe, abin ya fito kamar tari. Ta ce ba ta ji ba. Ya dubi takalminsa.

"Nabawiyya. Sunan uwata Nabawiyya."

Rihab ta maimaita a hankali, kamar mai ɗanɗana abinci. "Nabawiyya. Baba, duk addu'ar da nake mata, 'uwar Baba' nake cewa."

Da nan aka tsaya da ya gode wa Allah. Amma Dakta Afaf ta riga ta ja kujera ta zauna a gabansa.

"Abokanka fa?"

Ya juya kofin shayin a hannunsa.

"Usta, da kai nake. Su ma?"

"Dukkansu."

"Haka kawai kowa ya yi tunani iri ɗaya?"

"Ni na ce musu."

Ya so ta yi ihu. Ba ta yi ba, ta dafe goshi kawai. Ta ce ita ma da nata laifin, ta ɗauka rufe ƙofa ya isa. Sannan ta gaya wa Rihab cewa hannunta ya fita, aikin na nan a wurinta, amma duk abin da aka auna na dattawa ya zama shara, kuma Alƙahira sai wata shekarar. Sai fa in mutanen za su dawo da gaskiya.

Rihab ta rako shi har bakin titi. Ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba.

"Da ka ce mini ba za ku iya ba, Baba, da na nemi wata hanya."

"Na ɗauka taimakonki nake."

"Na sani."

Wannan "na sani" ɗin ya fi mari zafi. Ya shiga mota ya tuƙa har tasha ba tare da ya ɗauki ko fasinja ɗaya ba, mutane na ɗaga hannu yana wucewa.

Bayan la'asar ya sami 'yan tasha a gindin mai shayi. Halaf na hango shi ya buɗe baki.

"Ga gwanin sauri! Yaya, ƙarfen ya gaishe ka?"

Abdurradi bai zauna ba. Ya ce musu aikin 'yarsa ya lalace, kuma shi ya lalata. Ya ce kowa zai koma ya ba da sunan gaskiya, likita kaɗai za ta ji, shi zai kai su da motarsa.

"Ka ji shi," in ji Halaf. "Kai da ka koya mana? To kai ka faɗi naka?"

"Na faɗa."

"A ɗaki, ko? Wa ya shaida?"

Mai shayi ya daina juya cokali. Direbobi da kwandastoci duk suka zuba masa ido, har da waɗanda ba ruwansu. Abdurradi ya taɓa guntun haƙorinsa da harshe.

"Nabawiyya," ya ce. Muryar ta fi yadda ya yi niyya ƙarfi. "Nabawiyya 'yar Abdul'al. Wanda zai yi dariya ya yi yanzu ina tsaye."

Wani a baya ya fara, aka zungure shi ya haɗiye. Fuskar Abdurradi na zafi kamar ya leƙa tanderu. Halaf ya daɗe yana kallon cikin kofinsa.

"Allah ya ji ƙanta," ya ce. Ya ƙara kurɓa. "Ranar Talata ba ni da lodi da safe. Amma in sunan tawa ya fita daga ɗakin nan, Abdurradi, sauran haƙoran zan zubar maka."

Sauran kuwa kowa ya kawar da kai. Abdurradi ya ja benci ya zauna kusa da na farkonsu, ya fara lallashi.