Mayafan da Suka Raka Mayow

"Wannan tawa ce, ga jan zaren da na ɗaura mata," in ji Batulo, ta fizge wata ƙonanniyar waya daga hannuna.

Muna tsugune a hanyar garin Janale, mu mata wajen goma, kowa tana tonon toka tana neman wayarta. Dahabo kaɗai ke neman mijinta. Abin da ta tsinta, a zane ɗaya ta ƙunshe shi.

Mijin nata, Mayow, maƙwabcina ne, danga ɗaya ta raba mu. Ƙauyenmu ba lantarki, saboda haka duk Talata yakan tara wayoyinmu a buhu, ya hau amalanken jakinsa ya kai su caji. Wayoyi talatin a buhu ɗaya suna tafe tare, wai abin da jirgin nan mara matuƙi ya hango ke nan. Shekara uku yana mana kukan sauro a ka, sai ran nan ya yi cizo.

Da azahar rediyo ta ce an kashe wani babban kwamandan 'yan daji, ba a taɓa farar hula ba. Allah ya yafe mini, dariya ta kuɓuce mini a gidan makoki. Mayow da zakarana ke kora har ɗaki!

To amma maza ba su yi dariya ba. Jirgin bai tafi ba, yana nan yana zagaye. Dahabo ta bi gida gida tana neman masu ɗaukar gawa, ni ina biye da ita, don irin wannan ba a ba ni labari.

"Ki yi haƙuri, 'yata," in ji Liman Gedi daga cikin ɗaki. "Maza su taru a kan kwamanda, abin nan yana kallo? Sai a haƙa rami goma."

"Malam, har da wayarka ya ɗauka," in ji ta.

"Da ma ita nake tunani. Da lambata a ciki, kada su biyo ni."

Warsame, ƙanin mamacin, cewa ya yi bayansa ya riƙe. Da safe na gan shi yana sungumar buhun riɗi.

Raina ya ɓaci, bakina kuwa ba ya jiran izini. Na cire mayafina na wurga wa Warsame.

"Ungo, ɗan nan. An ce jirgin bai cika harbin mata ba. Yafa ka je ka rufe ɗan'uwanka."

Zagi na yi nufi. Sai na ga ya ɗaga yana auna tsawonsa.

"Iya Ambiyo, ba ki da wani mai duhu?"

Kafin la'asar an aro mayafai shida. Liman ya sami na Batulo mai furanni, gemu ya ƙi ɓoyuwa, sai da ta ɗaure masa da kanta. A cikin ɗaki suka yi sallar, a gurguje.

Dahabo ta ɗauki takalminta za ta bi su. Liman ya juyo, yana riƙe da bakin mayafi a haɓa.

"Koma, 'yata. Mata ba sa zuwa maƙabarta."

Ta tsaya a bakin danga da takalmin a hannu. Muka bi su da ido har suka shige cikin ayaba, suna tafiya a rarrabe. Mutum biyu ne ke riƙe da makarar, kowanne da hannu ɗaya.