Naushi a Kan Ayarin Ƙarshe

Aslak ya fasa wa Oddvar baki a ɗakin hutu, a gaban mutum huɗu, a kan gem. Da a tudu ne, da an ba da haƙuri an wuce wurin. Amma a dandamalin haƙar mai da ke tsakiyar Tekun Arewa akwai dokar da ba ta jin roƙo: duk wanda ya ɗaga hannu ya daki wani, jirgi mai saukar ungulu na gaba shi zai kai shi gida, kuma ba dandamalin da zai sake ɗaukarsa.

Oddvar mai walda ne, ya haura hamsin, mutum mai faɗin kafaɗa da taurin kai, wanda bai taɓa yarda an kayar da shi a gardama ba. Aslak mijin ƙanwarsa ne, shi ke kula da injuna. Oddvar ɗin ma shi ya nema masa aikin, lokacin da Aslak ya bar jirgin kamun kifi.

A dandamali ba giya, ba inda za ka je. In an tashi aiki aka ci kifi da dankali, sai kofi da talabijin. Su shida suke zama a kan gem ɗaya mai suna Ayarin Ƙarshe, labarin jiragen sararin samaniya da suka kwashi sauran mutane bayan duniya ta lalace. Sun gama kashi na farko bara, yanzu suna na biyu. Ƙa'idarsu tun farko ita ce, mai riƙe da rimot hannu ne kawai. In labari ya zo inda za a yanke hukunci, sai a tsaya a ɗaga hannu, abin da ya fi rinjaye shi za a danna. Kuma wannan na biyun ba ya barin a koma baya. Abin da ka danna ya dannu.

Ran nan Jostein, mai tuƙa injin ɗaga kaya, shi ke riƙe da rimot. Wuta ta kama a ɓangaren baya na babban jirgin ayarin. A cikin ɓangaren akwai ma'aikata, har da Meka, matuƙiyar da suka yi ta fama suka ceto tun a kashi na farko. A gaba kuma dubban mutane ne ke kwance cikin barcin tafiya. Gem ɗin ya tsaya ya tambaya: a rufe ƙofar ƙarfe a bar su Meka a ciki, ko a bar ta a buɗe a jira su, wuta ta yi abin da ta ga dama?

Aka ɗaga hannu. Oddvar da masu fenti biyu suka ce a jira. Aslak da Jostein suka ce a rufe, sai Torunn, matar da ke goge-goge da taimakon kicin, ta bi su. Uku da uku.

"Ga irinta nan," in ji Oddvar, ya tura tabarsa ƙarƙashin leɓe da babban yatsa. "Abin da nake faɗa tun ranar da aka kawo wannan shirmen. Na farko gem ne na maza. Ka san mugu, ka san na kirki, ka harbe mugu ka tafi ka kwanta. Wannan fa? Duk inda ka taka sai ka kwaso kashi."

"To ai haka rayuwa take, tsoho," in ji Jostein.

"Rufe min baki, sarkin hangen nesa. In rayuwa nake so in gani sai in leƙa taga. Na yi wuni ina shaƙar hayaƙin ƙarfe, in zo in zauna kuma wani yaron da bai taɓa riƙe guduma ba ya koya min baƙin ciki?"

Torunn ta yi dariya tana yanka cuku a kan waina. "Kai dai ka ce kana son Meka. Mun ga yadda kake gyara zama in ta fito."

"Ke kuma wa ya yi da ke? Ki ji da bokitinki."

"Bokitina ya fi bakinka tsabta."

Aka kwashe da dariya, ban da Aslak. Shi yana zaune a gefe, kofinsa ya huce a hannu, idonsa a kan talabijin.

"Na biyun ya fi," ya ce a hankali.

"Me ka ce, suruki?"

"Na ce ya fi. Na farko ƙarya yake mana. Kullum akwai wata hanya a ɓoye da za ka ceci kowa, in ka iya nema. Wannan bai yi mana wannan ƙaryar ba."

"Ba ƙarya ba ce, ƙoƙari ne," in ji Oddvar. "Namiji yana neman hanya ta uku. Waɗanda suka yi wannan raggaye ne, sun kasa ƙirƙiro hanyar, sai suka ce wai zurfin tunani."

"Wani lokaci babu ta ukun."

"Kullum akwai ta. Wanda ya ce babu, bai jira ba ne."

Jostein ya yi gyaran murya. "Ku bari mu jefa kwabo kawai."

Duk wanda ke ɗakin ya san abin da ya sa Jostein yake son a bar maganar. Lokacin da Aslak yake jirgin kamun kifi, wuta ta tashi a ɗakin inji, abokin aikinsa Steinar yana ciki. Aslak ya kira, ya kira, bai ji amsa ba, sai ya rufe ƙofar ya saki iskar da ke kashe wuta. Jirgi ya tsira da sauran mutanen, Steinar bai fito ba. Masu bincike sun ce abin da ya kamata ya yi ke nan. Kowa ya sani, ba mai tayar da zancen. Oddvar ya fi kowa sani, don shi ya ɗauko Aslak daga tashar jirgi ranar da suka dawo.

"Ba kwabon da za a jefa," in ji Oddvar. Kansa ya ɗau zafi, kuma ya ga masu fenti sun fara gyaɗa wa Aslak kai. "Ya ce ya fi, to ya gaya min da me ya fi. Gem ɗin da zai sa ka kashe mutumin da ya yarda da kai, sannan ya kaɗa maka kiɗa mai taushi ya shafa maka baya?"

"Bai shafa wa kowa baya ba," in ji Aslak. "Abin da nake so da shi ke nan. Bai ce ka yi daidai ba, bai ce ka yi kuskure ba. Ya bar ka da abinka."

"Ya bar ka da abinka! Ku ji fa."

"Oddvar," in ji Torunn, ta ajiye wuƙar. "Ya isa."

Da ya tsaya nan da shi ke nan. Ya ji maganar tana tahowa, ya san ta, kuma yana da lokacin haɗiye ta. Bai haɗiye ba.

"Na gane abin da ya sa kake sonsa," ya ce. "Wanka yake maka. Ka saba rufe ƙofa."

A talabijin wuta tana ta ci. Aslak ya ajiye kofinsa a ƙasa a hankali, kamar kada ya zube. Ya miƙe, ya tako, ya kai wa Oddvar naushi ɗaya. Bai ƙara ba. Oddvar ya koma cikin kujera, leɓensa na sama a tsage, haƙori guda yana lilo, taba da jini suna gangarowa kan rigarsa. Aslak ya tsaya yana kallon hannunsa, sannan ya fita.

Jostein ya kashe talabijin. "Ba wanda ya ga komai," ya ce. Ya dubi masu fenti, suka sunkuyar da kai. Ya dubi Torunn.

"Ni cuku nake yankawa," ta ce. "Amma bakin nan sai an ɗinke shi."

Gaskiya ta faɗa. Oddvar ya danne bakin da tawul ya tafi wurin malamin jinya. Malamin yana ɗinki ya tambaye shi me ya faru. Oddvar bai shirya amsa ba, sai ya faɗi abin da ya fara zo masa: santsi ya ɗebe shi a matakalar da ke sauka daga ɗakin hutu, ya bugi ƙarfe. Malamin jinya ya dubi tsagar, ya dube shi, ya ci gaba da ɗinki.

Da safe wurin karin kumallo Aslak ya zo ya zauna gabansa. Idonsa ja, da gani bai runtsa ba. Oddvar yana fama da kunun alkama ta gefen baki.

"Me ka gaya masa?" in ji Aslak.

"Na ce faɗuwa na yi."

Aslak ya juya kofinsa a kan tebur. "Shekara uku suka rage min in ajiye aiki, Oddvar. Ban iya komai ba in ba inji a kan ruwa ba. Ka san ban taɓa roƙonka komai ba."

"Na ce faɗuwa na yi. Ci abincinka."

Yana so ya ƙara da wata magana, ta haƙuri, amma bai saba ba, ya rasa ta inda ake kama ta. Kafin ya samo, aka kira sunansa a lasifika: shugaba tana nemansa.

Gunvor ce shugabar dandamalin, mace mai furfura wadda ba ta ɗaga murya. Ta nuna masa kujera, ta rufe ƙofa da kanta.

"Sannu da baki," ta ce. "Wai matakala."

"Matakala."

"Santsi."

"Haka na ce."

"To. Ka daɗe a nan, ka san yadda abin yake. Duk abin da ka gaya min, shi zan bi har ƙarshensa. Ba zan bi abin da nake zato ba, abin da ka faɗa zan bi. Matakalar nan Torunn ke goge ta bayan abincin yamma."

"Ba ruwanta. Ni ne ban riƙe ƙarfe ba."

"Zan faɗa musu haka. Amma ka riga ka ce wa malamin jinya santsi, kuma maganar ta isa tudu tun jiya. Torunn ba ma'aikaciyarmu ba ce, kamfanin da ya kawo ta haya muke yi. An taɓa yi mata gargaɗi a kan ta manta alamar jiƙaƙƙen wuri. In sunanta ya sake fitowa, ba za su jira bincike ba, wata za su aiko mana."

"To ba a matakala ba ne. Na ruɗe. A banɗaki ne."

"Ita ke wanke banɗaki."

"Haba, shugaba!"

"Ni ban faɗi ba, Oddvar. Kai ka faɗi."

Ya dubi taga. Teku baƙi ƙirin, iska tana kwasar kumfa. Ya shiga neman wani wurin da mutum zai fasa baki ba tare da ya ja kowa ba. Wurin aikinsa? Ba lokacin aiki ba ne, kuma a kulle yake. Gadonsa? Abokin ɗakinsa yana ciki a lokacin. Ya ce shi ya fara duka? Sai su tafi su biyu, bai ceci kowa ba. Ya bi dandamalin nan kaf a cikin kansa, daga sama har ƙasa, bai samu ba.

"In na ce ni na jawo fa?" ya ce. "In na ce na faɗi maganar da ko ni aka gaya wa sai na yi duka?"

"Wace magana? Wa ka gaya wa?"

Ya gane ya riga ya buɗe baki.

"Doka ba ta tambayar abin da aka faɗa," in ji Gunvor. "Hannu take tambaya. Ba ni na yi ta ba, kuma ba zan iya lanƙwasa ta ba. Ka zaɓa. Ko dai santsi ne, ko ba santsi ba."

Ya tuna Torunn da 'ya'yanta biyu da take riƙo ita kaɗai, matar da ba ta yi komai ba sai cewa da ta yi ya isa. Ya tuna ƙanwarsa. Ɗinkin bakinsa yana zugi.

"Matakalar a bushe take," ya ce.

"Ina ji."

"Ban faɗi ba. Aslak ne ya nausa ni. Amma ki rubuta cewa ni na..."

"Zan rubuta duk abin da ka faɗa."

Ta rubuta. An yi wa Oddvar gargaɗi a kan ƙaryar da ya yi wa malamin jinya, ya koma bakin waldarsa a ranar.

Da la'asar jirgi ya sauka. Oddvar ya bar aiki ya hau sama, ya tarar da Aslak tsaye cikin rigar ruwa ta tafiya, jakarsa a hannu.

"Suruki," ya ce. "Torunn za su kora. Ban da yadda zan yi."

Aslak ya dube shi na ɗan lokaci. Ba fushi a fuskarsa, gajiya ce kawai.

"Na sani," ya ce. Ya sunkuyar da kai ya shiga jirgi.

Aslak ya nemi aiki a dandamali huɗu, ba wanda ya kira shi. Jiragen ruwa ma da suka ji dalilin barinsa sai suka yi shiru. Yanzu yana rumfar gyaran kifi a garinsu, tsaye cikin ruwan sanyi daga safe zuwa yamma yana fasa cikin kifi, shi da ya shekara talatin yana sauraron inji.