Waƙoƙin da ke Wayar Baban Suhaila

...to in goge su kenan? Haka yayarka ta ce. Yaya Tasallah ta zauna a nan, kan tabarmar takabata, ta nuna wayarka da haɓa. "Duk waƙar da aka kunna a ciki, Badaru ake rubuta wa zunubin. Ki tausaya masa, ki sauke masa kaya."

Har Suhaila, 'yarka, da Larabcinta: halas ya Mama, ki goge.

Halas, wai shi ke nan. Da sauƙi a baki.

Ga wayar a hannuna. Na rage murya, kada maƙwabta su ji. Duk unguwar Jurf ta nan Madina sun san gidan nan gidan rasuwa ne.

Jitar nan ta fara... ƙarau-ƙarau, sai ta biyu ta biyo ta a guje, sai ganga, sai tafi. Muryoyi su hau juna kamar 'yan uwa. Kafin ka gyara zama ta ƙare. Wasu samarin Turawa ne, ka ce, ba wanda ya san su, a garejin gidansu suke ɗauka, amma sai ka rantse rediyon zamanin iyayenmu ne. Ni me na sani? Turancina bai wuce gaisuwa ba.

Na tuna hanyar Khaibar — motar dabino, ƙamshi ya cika gaba, kana buga sitiyari da yatsu. Na ce, Baban Suhaila, a garin Manzo? Ka yi dariya. "Ai mun fita haddin Harami, Hajiya." Ka ce in saurara da kyau: kiɗan dariya yake yi, maganar kuwa kuka ce. Na ce shirme.

Yanzu na ji. Ban san kalma ɗaya ba, amma na ji.

Sun kai ka maƙabartar Baƙi'a. An ce ka yi sa'a, na ce alhamdulillahi. Mata ba sa shiga. Ko sun bar ni, ina zan tsaya? Ba suna, ba alama, duwatsu ne kawai. Rigunanka an yi sadaka da su. Motar, mai ita ya karɓe. To ina kake, in ba a nan ba — wurin da jitar ke hawa sama, inda kullum kake rufe ido?

Amma in Yaya Tasallah na da gaskiya fa? In ni ce nake ƙara maka nauyi, kana kwance ba ka da bakin cewa bari? Ya Allah, ni na kunna. Yatsana ne. A rubuta mini.

Ga wurin gogewar. Ja ne. Taɓawa ɗaya.

Bari wannan ta ƙare tukuna... ta ƙare. Shiru. Yatsana na sama.

Wata ta fara.

Ban taɓa komai ba, Baban Suhaila, wallahi ban taɓa ba, da kanta ta zo. Wannan kuma... wa za a rubuta wa?