Ɗan Farin Iyatu

Shekara ashirin da tara ke nan da Iyatu ta haifi Gwadabe, kuma ko sau ɗaya ba ta taɓa kiran sunansa ba. Ba ƙiyayya ba ce, Allah Ya sani. Ɗan fari ne. Haka ta taso ta ga ana yi a ƙauyensu na bayan Kiyawa: ɗan fari ba a ambaton sunansa, ba a zama hira da shi, ba a nuna wa duniya an damu da shi. Ana yaye shi kakarsa ta ɗauke abinta, ita ce abokiyar wasansa, ita ce mai jin cikinsa. Iyatu kuwa in tana son magana da shi, sai ta ce wa ƙanwarsa, "Ke Safina, ce wa yayanku ga tuwo nan zai huce."

To kakar ta rasu, yau shekara biyu. Gwadabe ɗan acaɓa ne, jigila yake tsakanin Kiyawa da Dutse, kuma a bakin tasha aka koya masa shan ƙwayar tiramol, wai tana kashe gajiya. Gajiyar wa ta taɓa kashewa? Daga guda ɗaya aka koma biyu, daga biyu aka daina ƙirga, har ranar da jijjiga ta kama shi a kan babur, ya zube a gefen kwalta yana kumfar baki. Allah Ya taimaka babu mota a bayansa. Wata biyu ya yi a asibiti, aka ɗora karaya, aka kuma yi ta fama da shi har ya bar ƙwayar.

Ranar da za a sallame shi, wata ma'aikaciyar asibitin mai suna Munira ta ja Iyatu gefe.

"Mama, wa ke zaune gida ɗaya da shi?"

"Ni ce. Mahaifinsu ya rasu, ƙanwarsa kuma an kusa kai ta ɗaki."

"To ke ce likitarsa yanzu. Abin nan ba taurin kai ba ne, ciwo ne. Kuma mutum ba ya komawa rana ɗaya. Sai ya yi kwanaki yana kokawa da ransa, barci ya ƙi zuwa, abinci ya fita ransa, abu kaɗan ya hasala. A kwanakin nan ake riƙo shi. Ki zaunar da shi ki tambaye shi ƙiri-ƙiri, yau ka ji sha'awarta? In ya ce eh, kada ki yi faɗa, ki kawo mana shi. Don in ya koma ya sha kamar yadda ya saba, jikinsa ba zai ɗauka ba. Wannan karon ba lallai ya tashi ba."

Iyatu ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. "Malama, ai ɗan fari ne."

Munira ta dube ta, ta yi ajiyar zuciya. "Mama, ranar wanka ba a ɓoyon cibi."

Da sauƙin faɗa, 'yar nan! Iyatu ta ce to, don ba a musu da ma'aikata.

Wata uku abin ya tafi daidai, don Safina na nan, ita kuwa bakinta ba ya shiru. Kullum sai ta tsare yayanta da tsokana har ya faɗi abin da ke ransa, sannan ta kawo wa uwar rahoto a madafa. Gwadabe ya yi ƙiba, ya koma kan babur, ya koma sahun gaba a masallaci. Bayan sallar layya aka ɗaura auren Safina, aka kai ta Ringim. Gida ya rage daga Iyatu sai shi, sai awaki uku.

Ranar wata Litinin ya bar tuwonsa bai taɓa ba. Talata da asuba ta fito alwala ta tarar da shi zaune a kan turmi, ido jawur, da ganinsa bai runtsa ba. Ta san abin da Munira ta ce ta yi, kalma huɗu ce kacal, ta haddace su. Ta buɗe baki, sai ta ji kanta tana cewa, "Ruwan randar nan ya yi sanyi." Shi kuma ya ce, "Ƙwarai kuwa, Inna," ya tashi ya ba ta wuri.

Ta yi duk abin da ta iya, wallahi ta yi. Ta dafa masa dambun zogale, wanda kakarsa kan yi masa, ya ci loma biyu ya rufe. Ta tsaya a gindin turke tana yi wa ɗan akuya faɗa da ƙarfi don mai ɗaki ya ji: "Kai dai ka cika neman halaka kanka! Wanda ya faɗa rijiya aka ciro shi, ya sake leƙa ta?" Ɗan akuya ya ci gaba da cin dusarsa. Daga ɗakin ko tari ba a yi ba.

Laraba ta yafa mayafi ta je wurin ƙanin mahaifinsa, Baffa Mika'ilu. Shi kuwa ya kira yaron zaure, ya tara masa dattawa biyu, aka yi masa wa'azi har la'asar, ka ji tsoron Allah, ka dubi maraicinka, kada ka sake zubar mana da mutunci. Gwadabe na durƙushe yana ta "to, Baffa, in sha Allahu." Ya dawo gida fuska a murtuke, ya buga ƙofar ɗakinsa har ƙasa ta zubo daga bango. Alhamis ta sa aka kira mata Safina a waya. Safina ta kira shi, ta sake kiran uwar: "Inna, ya ce lafiyarsa ƙalau, zafi ne ke hana shi barci. Ni daga nan me zan gani? Ke da kike kusa ki tambaye shi mana!"

Juma'a da hantsi ta jiyo shi yana waƙa.

Yana tsakar gida yana wanke babur, yana dirzar ƙafafun kamar wanda aka sa gasa, gumi na tsiyaya, jifa-jifa yana sosa hanci da bayan hannu. Kwana huɗu bai yi dariya ba, yau ga shi har da fito. Iyatu ta san wannan kuzarin, ta gan shi bara, lokacin da yake shan ƙwayar. Tsoro ya kama ta irin wanda ba ta ji ba ko a ranar haihuwarsa.

Ta ajiye tsintsiya ta je ta tsaya a gabansa. Tunda yake bai taɓa ganin ta matso shi haka ba. Ya saki tsumman ya durƙusa, ya sunkuyar da kai.

"Lafiya, Inna? Wani laifin na yi?"

"Ka sha?" in ji ta. "Ƙwayar nan. Ka koma?"

Ruwa na ɗiga daga jikin babur.

"Babu komai, Inna."

"Don girman Allah ka faɗa mini. Ba zan yi faɗa ba. Sai mu je asibiti yanzu, ni da kai."

Ya ɗan ɗago, ya dubi gefen zanenta, bai kai ga fuskarta ba. Ta ga maganar ta taso masa har wuya, ta ga ta koma.

"Inna," ya ce a hankali, "ni ban san yadda ake gaya miki abu ba."

Ya miƙe ya kama kan babur zai tura shi waje. Iyatu ta kai hannu ta damƙe ƙarfen baya, ta riƙe da iya ƙarfinta. Bai fizga ba, yaron kirki ne, tsayawa ya yi yana jira. Ta ji a ranta in dai ta riƙe shi yau, ko zuwa azahar, abin zai sake shi su tafi asibiti.

"Salamu alaikum, masu gida!"

Maƙwabciyarsu ce, Lauratu, ta sako kai daga zaure. Kafin Iyatu ta san abin da ake ciki, hannunta ya saki ƙarfen ya koma cikin zane, ta ja da baya taku biyu, ta kawar da fuska. Ba ita ta sa shi ba. Hannun ne ya yi abin da ya saba.

Gwadabe ya gai da Lauratu da ladabi, ya tura babur ya fice. A ƙofar gida ya tayar da shi.

"Rariya na zo ara," in ji Lauratu. "Lafiya dai na gan ki haka?"

"Lafiya lau," in ji Iyatu.

Ta shiga madafa ta tsaya, ta manta abin da ta shigo ɗauka. Kunnenta na kan ƙarar babur ɗin, tana bin ta har ta hau kwaltar Dutse, inda manyan motoci ke wucewa.