Jujin Sarkin Maƙera

Ramatu na tsaye a ƙofar soro tana ba da umarni, samarin unguwa na ta loda baƙaƙen duwatsu a amalanke. Gobe wata baƙuwa za ta zo daga Yamai ta duba gidan. Rufa'i, ɗan Ramatu, ya yi alkawari in aka sa gidan cikin gidajen tarihi, zai bar maganar rushe shi don gina shaguna.

Tun kafin zuwan Nasara aka gina soron nan kusa da Dumega, domin Sarkin Maƙera mai kula da masu narkar da tama, kakan surukinta. Nan aka kawo ta amarya, nan take so a ɗauki gawarta. Abu ɗaya ke ba ta kunya, wato tulin kashin maƙera, baƙaƙen duwatsun nan da ke saura in an narkar da tama, da ya yi tsauni a bakin ƙofa. Ina za a tarbi baƙuwa da juji? Ta sa aka kwashe shi tas, aka cike ramukan hanya don motar baƙuwar ta samu wucewa.

Washegari baƙuwar, Madam Basira, ta iso, ta sha fura, ta shafa bango, ta yaba azara. Sannan ta ce, "Inna, tsohon soro akwai shi ko'ina. Mi ka nuna nan anka yi aikin ƙarfe? Ba ku da kashin maƙera?"

 Ramatu ta ce, "Ɗiyata, bisa nai kinka biyo."

Madam Basira ta fita har hanya, ta durƙusa da leshinta mai tsada, ta ɗauki dunƙule ɗaya tana jujjuya shi. Dariya ta ci ƙarfinta.

"Wanga shi a dukiyar. Ku maido shi wurin nai, sai in ɗauki hoto in rubuta."

Samarin da suka yini jiya suna dako suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya. Ramatu ta dubi Rufa'i, tsoro ya kama ta, don in ya yi shiru shi ke nan shaguna sun ci.

Rufa'i ya daɗe yana kallon dunƙulen. Can ya tuɓe rigarsa ya miƙa mata.

"Riƙe min, Inna. Wa ad da jaki kusa?"