Ƙayar da Gayya ta Sare

Kwana tara Mndolwa yana kwance da zazzaɓi, sai maƙwabta suka yi masa gayya. Gonarsa da ke gangaren dutsen Usambara ta fita tas, har da 'yar bishiyar ƙayar da ke bakin iyaka. Mai alheri ba ya tambaya kafin ya kai sara.

Ganyen bishiyar nan kaɗai tsutsotsin da yake kiwo ke ci. Shekara biyu ya yi yana fakon malam-buɗe-littafi mai jela irin ta tsattsewa, wanda ba a gani sai can ƙwanƙolin dutse, kafin mace ɗaya ta yi masa ƙwai a kejin raga. Yanzu ga 'ya'yanta suna ta kewaya busasshen reshe.

Zama ya gagare shi. Ya ba su ganyen lemo, suka ƙi. Ya gangara rafi, ya zaga bayan coci, ya leƙa shingen kowa. Babu.

"Yaya, kai dai ba ka da godiya," in ji ƙanwarsa Makihiyo, tana ɓare ayaba. "Ƙarti sun wuni suna yi maka aiki, kai kana makokin ƙaya."

"Wa ya sare ta?"

"Maigidana. Wando ta yaga masa."

"Wandon da ya girmi aurenku?"

Sauran irin bishiyar na cikin gandun dajin gwamnati, inda ko tsinke ba a fitarwa. Da hantsi Mndolwa ya kwashe tsutsotsin a kwando, ya kama hawa. Shemdoe mai gadin gandun ya tare shi.

"Baba, ko ganye ɗaya ba zan bari ka tsinka ba. Kada ka ja min kora."

"Ɗana, na karanta dokar nan taku, abin da kai ba ka yi ba. Fitarwa ta hana. Nuna min inda ta hana shigarwa."

Shemdoe ya leƙa kwandon, ya sosa ƙeya.

"In ka sa su a ciki sun tashi daga naka. Kuma tsuntsaye za su cinye rabi."

"A gidana yunwa za ta cinye duka."

Mai gadin ya kauce. Mndolwa ya sami bishiyar a bakin wani kwazazzabo, ya riƙa ɗora su ɗaya bayan ɗaya da gashin kaza. Ta farkon ta daɗe ba motsi, har ya fara zaginta a zuci. Can sai ta kama gefen ganye da ci.